Maganin tayirod da ƙwayoyin ƙarin jini, kalsiyam da bitamin: yadda za ku tsara shan su

Ƙwayar da ake ba mai ƙarancin homon ɗin tayirod, wato sinadarin da wata ƴar gaɓa da ke gaban wuya ke zubowa cikin jini, ƴar mitsitsiya ce, abin da ke cikinta kuma ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A farmasin Maraɗi za ku same ta da sunan Levothyrox ko Euthyrox ko L-Thyroxine, duk sinadari ɗaya ne, lebotiroksin, kuma da mikrogram ake auna shi (mikrogram 1,000 ne ke yin miligram ɗaya): 25, 50, 75, 100, har sama. Ku ajiye mai mikrogram 100 kusa da jar ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mata a wajen awon ciki, mai ɗauke da miligram 60 na sinadarin ƙarfe. Ƙarfen ya ninka homon ɗin nauyi sau 600. Ƙwayar kalsiyam mai miligram 500 kuwa sau 5,000. In suka haɗu a ciki lokaci guda, ƙarfe ko kalsiyam sai ya maƙale wa homon ɗin kamar yadda ƙarangiya ke maƙale wa ƙafar wando, su wuce hanji tare, wani kaso ya fita ta bayan gida bai taɓa shiga jini ba. Mutum ya sayi magani, ya sha kullum bai yi fashi ba, amma jikinsa bai ga duka ba.

Abin da ya sa matsalar ta yi yawa shi ne ita kanta cutar ce ke tura mutum sayen abubuwan da ke tare wa maganinta hanya. Ƙarancin homon ɗin na kawo kasala da jin sanyi, sai a ce jini ne ya yi ƙasa, a sayo maganin ƙarin jini. Yana kawo zubar gashi, sai a sayo bitamin ɗin gashi. Yana kawo taurin bayan gida da kumburin ciki, sai a sayo farin maganin gyambon ciki ko a jiƙa kanwa. Yana kawo ciwon gaɓoɓi, sai a sayo kalsiyam. Kowanne an saye shi da kyakkyawar niyya, aka kuma haɗa su a tafin hannu ɗaya da safe aka kora da koko. Bayan wata biyu awon jini ya nuna maganin bai isa ba, likita ya ƙara yawan maganin, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wannan jagora ta masu shan lebotiroksin ce: wanda tayirod ɗinsa ta gaza, ko aka yi masa aikin maƙoƙo aka cire ta duka ko wani sashe. Masu cutar yawan homon da ke shan Néo-Mercazole lissafinsu daban ne. Kuma babu inda za a ce ku ƙara ko ku rage awon da likita ya rubuta. Maganar lokaci ce da tsari.

Mataki na farko: ku zazzage duk abin da kuke sha a kan tabarma

Duka, ba waɗanda ke cikin takardar likita kaɗai ba. Ƙwayoyin da ƴar'uwa ta kawo tsaraba daga Saudiyya, kwalbar da aka sayo a Katsina ko Kano, garin zogale, hulba, man habbatus sauda, shayin rage ƙiba, abin da aka saya wajen mai tallar magani a babbar kasuwa, har da farar ƙasa in ana cin ta. Mutane ba sa lissafa waɗannan a matsayin magani, shi ya sa in likita ya ce "me kike sha bayan wannan?" amsar takan zama "babu komai".

Sai ku juya kowane kwali ku karanta abin da ke ciki, ba sunan da ke gaba ba. Yawancin kwalayen nan da Faransanci suke, don haka kalmomin da za ku nema su ne fer (ƙarfe), calcium, magnésium, aluminium, zinc, biotine da iode (aidin, sinadarin da ake sa wa gishiri). Wanda ba ya karatun boko ya ba yaron gida ya duba masa, ko ya kwashe su a leda ya kai wa mai farmasi. Kwalin da aka rubuta bitamin barkatai a gabansa sau da yawa akwai ƙarfe da kalsiyam a bayansa. Bitamin D ma sau da yawa haɗe yake da kalsiyam a ƙwaya ɗaya. Tot'héma da Tardyferon da Fumafer duk ƙarfe ne. Maalox aluminiyam da magneziyam ne, Gaviscon na da kalsiyam a ciki, Smecta kuwa yumɓu ne da aka tace.

Abin da ba shi da rubutu ko kaɗan, ƙulli a leda ko ruwa a gorar da aka sake cikawa, ku ware shi gefe. Ba za a iya tsara masa lokaci ba tunda ba a san abin da ke ciki ba. A ganina wanda ke kan maganin da ake aunawa da mikrogram bai kamata ya haɗa shi da abin da ake aunawa da "ɗan ɗiba kaɗan" ba.

A nan kuma ya dace ku tambayi kanku, wa ya ce in sha wannan? Ƙarin jinin da aka rubuta bayan an auna jini an ga ya yi ƙasa dole ne a sha shi. Wanda aka saya saboda maƙwabciya ta ce ya yi mata amfani, wataƙila cire shi ya fi tsara masa lokaci sauƙi da arha.

Mataki na biyu: ku kafa wa ƙwayar tayirod lokacinta, ita kaɗai

Ƙa'idar ba ta da yawa: ciki babu komai, ruwa zalla, kofi cike, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci ko a sha wani abu. Awa ɗaya ta fi. Dalilin shi ne ƙwayar na buƙatar tsamin ciki ta narke, sannan ƙaramin hanji ya tsotse ta. A ciki marar komai jiki na ɗaukar kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Da abinci ya shigo sai kason ya ragu, kuma raguwar ba iri ɗaya ba ce kullum, ta danganta da abin da aka ci.

Mu nan Allah ya hutar da mu neman agogo, domin asuba ta riga ta raba mana gari. Ku ajiye kwalin da kofin ruwa mai murfi inda hannu zai kai tun daga shimfiɗa. Da an ji kiran farko, ko an tashi alwala, a haɗiye ƙwayar. Kafin a yi salla, a yi lazimi, a share tsakar gida, a hura wuta, a shirya yara, a aika a sayo koko da ƙosai, awa ɗaya ta wuce ba a ma sani ba. Namiji kuwa ya sha kafin ya fita masallaci, ba bayan ya zauna a teburin mai shayi ba. Wannan tebur shi ne babban tarkon maza: Nescafé da madara mai kauri da burodi, duk a zama ɗaya. Kofi irin su Nescafé shi kaɗai, ko babu madara, yana rage abin da hanji ke tsotsa in aka sha shi tare da ƙwayar ko jim kaɗan bayanta. Madara kuma kalsiyam ce. Haka nono, haka fura da nono. Ba a hana ku ko ɗaya ba, awa ɗayar nan kawai ake roƙo.

Awara ta cancanci a tsaya a kanta. Waken suya na cikin abincin da aka tabbatar yana rage shigar lebotiroksin, kuma awara ta zama abin karin kumallo da na marece a unguwanninmu, daga Zariya har Bagalam. Mai cin ta jefi-jefi da rana babu ruwansa. Mai cin ta kullum da sassafe, ko mai shan madarar waken suya, ya matsar da ita zuwa hantsi, ya kuma faɗa wa likita, domin wanda ya fara cin ta kullum ko ya daina kwatsam awonsa na iya canzawa.

Hatsi fa? Za ku ji ana cewa gero da rogo na kawo maƙoƙo. Akwai ƙamshin gaskiya: suna ɗauke da sinadaran da ke takura wa tayirod wajen sarrafa aidin, musamman a inda aidin ya yi ƙaranci a abinci. Amma wannan magana ce ta tayirod ɗin da ake jira ta ƙera homon da kanta. Wanda homon ɗinsa ke zuwa a shirye daga ƙwaya ba shi da dalilin barin tuwon hatsi ko fura. Bamaraɗe ya bar hatsi ya ci me?

Wanda safiya ba ta yi masa ba, kamar direban da ke kama hanyar Yamai ko Damagaram tun duhu ya karya a tasha, yana iya mayar da ƙwayar lokacin kwanciya, da sharaɗin awa uku sun wuce bayan abincin dare. Ga mai cin tuwo bayan isha'i ya kwanta nan take wannan ba zai yiwu ba. Ga mai ci da magariba ya kwanta goma da rabi zai yiwu sarai. A zaɓi ɗaya a zauna a kai. Yau safe gobe dare shi ne ke rikita awo.

Akwai wani gargaɗi da ba a cika yi ba. In kun shekara kuna shan ƙwayar tare da koko, awon jininku kuma yana fitowa daidai, to an riga an daidaita muku awon maganin ne a kan wannan ɗabi'a. Ranar da kuka koma sha a ciki marar komai, jiki zai fara ɗaukar fiye da da, kuna iya wayar gari da bugun zuciya da rashin barci. Gyaran yana da kyau, amma a yi shi da sanin likita, a kuma sake awo bayan mako shida zuwa takwas.

Mataki na uku: tazarar awa huɗu

Ƙarfe, kalsiyam, magneziyam, aluminiyam, zinki, bitamin barkatai mai ɗauke da su, farin maganin gyambon ciki, Smecta, farar ƙasa: duk a ba su awa huɗu tsakaninsu da ƙwayar tayirod. Takardar da ke cikin kwalin da ya fito daga Faransa takan ce aƙalla awa biyu, ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka kuwa awa huɗu take cewa. Tunda huɗun ba ta cin kuɗi, ku ɗauke ta.

In an sha ta asuba da ƙarfe biyar da rabi, daga tara da rabi hanya ta buɗe. Sai dai su ma waɗannan ba sa jituwa a tsakaninsu. Kalsiyam na rage shigar ƙarfe, shayi ma haka, kuma kowa ya san bayan abincin rana ake ɗora buta a kan gawayi, a sha na fari, na biyu, na uku. Don haka tsarin da ya fi dacewa da rayuwarmu shi ne: ƙwayar tayirod da asuba, ƙarin jini da hantsi wajen goma ko sha ɗaya, da ruwa ko da lemo, nesa da shayi da nono, kalsiyam kuma tare da abincin dare. Wanda ƙarfe ke tayar masa da zuciya ya sha shi da ɗan abinci, ko ya kai shi la'asar. Mai shan ƙwayar tayirod da dare sai ya juya tsarin: ƙarfe da safe, kalsiyam da rana, kada wani daga cikinsu ya wuce la'asar sakaliya.

Tazarar ta shafi gaba da baya. Wanda ƙwannafi ya tashe shi ƙarfe uku na dare ya kurɓi Maalox, bai kamata ya sha ƙwayar tayirod ƙarfe biyar da rabi ba. Ranar ya jinkirta ta zuwa bakwai ko takwas, ya jinkirta karin kumallo tare da ita. Kanwa ba ta cikin takardun kamfanonin magani, amma aikinta sananne ne, tana kashe tsamin ciki, don haka jiƙon kanwa da kunun kanwa su ma kada su kusanci lokacin ƙwayar.

Zogale a dambu ko a kwaɗo da rana abinci ne, ku ci abinku. Miyar kuka ma haka. Amma garin zogale da ake sha cokali-cokali da safe, ko wanda aka ɗura a ƙwanso ake sayarwa, yana da kalsiyam da ƙarfe da dusa masu yawa a dunƙule, sai a lissafa shi cikin masu awa huɗu. Hulba na da yauƙi mai riƙe magani a hanji, ita ma haka. Bitamin C da B12 da folik asid da bitamin D in su kaɗai ne ba su da wannan hali na kama homon, amma babu ribar haɗa su da ita. A bar ta ta wuce ita kaɗai, sauran su biyo da rana.

Mataki na huɗu: abubuwan da tazara ba ta magance su

Biyotin shi ne na farko, kuma aikinsa daban ne. Ba ya taɓa maganin, ba ya taɓa tayirod. Na'urar awon jini yake ruɗawa. Jiki na buƙatar kusan mikrogram 30 a rana, amma ƙwayoyin gyaran gashi da farce da fata da mata ke saye sukan ɗauki 5,000 ko 10,000. Da yawa daga cikin na'urorin awon homon na aiki da biyotin a cikin sinadaransu, in ya yi yawa a jinin mutum sai sakamako ya fito a karkace: TSH, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod cewa a ƙaro homon, ya nuna ƙasa, T4 da T3, wato homon ɗin tayirod ɗin kansu, su nuna sama, kamar mai shan maganin da ya wuce kima. Likita ya gani ya rage awon magani, mace ta koma gida kasala ta ƙaru, gashin da take neman gyarawa ya ci gaba da zuba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan a 2017. Maganin abin mai sauƙi ne: a daina shan biyotin aƙalla kwana biyu kafin awo, uku ya fi in awon da ake sha babba ne, a kuma faɗa wa mai ɗibar jinin.

Na biyu aidin. Saboda an san rashinsa na kawo maƙoƙo, sai mutane su ɗauka duk mai matsalar tayirod ƙarin aidin yake buƙata. Babba na buƙatar mikrogram 150 a rana, gishiri mai aidin na kasuwa kuma ya isa ya ba da wannan in ana amfani da shi, an kuma ajiye shi a rufe ba a rana ba. Ƙwayoyin ciyawar teku da ɗigon aidin da ake tallatawa a WhatsApp suna iya ninka wannan sau da yawa. Ga mai cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke cin tayirod, yawan aidin na iya ƙara dagula ta. Ga mai tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle yana iya tunzura shi ya shiga zubo homon ba ƙaƙƙautawa. Wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya kuwa babu ma inda aidin ɗin zai je ya yi aiki.

Na uku kwalaben da ake rubuta wa "mai ƙarfafa tayirod". A 2013 wasu masu bincike a Amurka suka auna irin waɗannan guda 10 da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, suka tarar 9 na ɗauke da ainihin homon ɗin tayirod a ciki. Ma'ana mai shan su yana ƙara wa kansa awo a makance. Yawan homon ba ƙarin lafiya ba ne: yana hargitsa bugun zuciya, musamman ga dattawa, yana kuma cinye ƙashi a hankali, musamman ga matan da suka daina haila. Ashwaganda, saiwar Indiya da ta shigo kasuwa da sunan maganin gajiya da ƙarfin maza, ita ma tana iya ɗaga homon ɗin. Seleniyam kuma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ba ta da faɗi, jiki na son kusan mikrogram 55 ne kawai, in ya yi yawa gashi da farce yake karyawa. Kada a sha shi sai likita ya rubuta.

Akwai kuma magungunan asibiti da ke canza lissafi ko an raba lokaci. Omeprazol da danginsa na rage tsamin ciki yini guda cur, don haka awa huɗu ba ta wanke su. Rifampisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su karbamazepin da fenobarbital, na sa hanta ta ƙone homon da sauri. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istrojin na iya sa a buƙaci ƙari. Ba a cewa a bar su, kowanne da dalilinsa. A dai tabbatar likitan da ke duba tayirod ya san an fara ko an daina. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su ma awonsu kan motsa in an taɓa na tayirod.

Mai juna biyu

Nan ne abin ya fi nauyi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. A watannin farko tayi ba shi da tayirod mai aiki, da homon ɗin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Buƙatar uwa takan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, kuma tun makonnin farko take fara ƙaruwa. A daidai wannan lokaci ne kuma ake miƙa mata ƙarin jini da folik asid a wajen awon ciki, wani lokaci har da kalsiyam, sha'awar farar ƙasa kuma ta taso. Buƙata ta hau, abin da ke shiga jini ya sauka.

Wasu matan da suka ji cewa biyun ba sa haɗuwa sai su ajiye ɗaya. Wata ta bar ƙarin jini, wata ta bar na tayirod don tsoron kada magani ya taɓa ciki. Duka biyun ganganci ne. Lebotiroksin kwafin homon ɗin da jiki ke yi ne, ba ya cutar da ciki ko shayarwa, rashinsa ne ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Ƙarancin jini kuma kowa ya san abin da yake yi wa mata a wajen haihuwa a ƙasar nan. Duka za a sha, ɗaya da asuba, ɗaya da hantsi ko la'asar.

Da mace ta ga batan wata ta tabbatar, ta nemi likitanta a makon, kada ta jira ranar da aka ba ta. A rabin farko na cikin akan auna TSH kusan kowane mako huɗu. Ranar awon ciki na farko a CSI, ƙaramin asibitin unguwa, kuma ta buɗe baki ta faɗa, ko ba a tambaya ba: "Malama, ina shan maganin tayirod kullum da asuba, wannan jar ƙwayar yaushe zan riƙa shan ta?" Layi na da tsawo, ungozoma na sauri, amma wannan tambaya ba ta cin minti ɗaya. In amai na safe ya hana ƙwayar zama, a yi shawara a mayar da ita dare. Bayan haihuwa akan koma awon da ake sha kafin ciki, a sake aunawa bayan kamar mako shida, wanda ya zo daidai da gama wankan jego. Kunun kanwar mai jego kuwa a sha shi can da rana.

Jaririn da aka haifa da ƙarancin homon ana murƙushe masa ƙwayar a ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali, ba a cikin madarar waken suya ba, ba kuma tare da ɗigon ƙarin jini ba.

Mataki na biyar: awon jini shi ne alƙali

Lebotiroksin na daɗewa a jiki, sai kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa duk canjin da aka yi ba ya nuna kansa sosai sai bayan mako shida zuwa takwas. An fara ƙarin jini, an daina kalsiyam, an koma sha da dare, an canza kamfani: a ƙirga mako shida zuwa takwas a auna TSH. Yin awo bayan kwana goma ɓarnar kuɗi ce. In komai ya zauna, sau ɗaya a wata shida ko a shekara ya wadatar, sai in likita ya ce ba haka ba.

Karatun takardar na rikita mutane domin a juye yake. TSH saƙo ne daga ƙwaƙwalwa zuwa tayirod cewa a ƙaro. In ya hau, homon ya yi kaɗan. In ya faɗi ƙasa sosai, homon ya yi yawa. Ga yawancin manya ana son ya zauna tsakanin 0.4 da 4.0, kowane ɗakin awo kuma na buga nasa iyakokin a gefen takardar. Mai ciki da wanda aka yi wa aikin dajin tayirod nasu ma'aunin daban ne. Ku je da safe, in za a auna T4 ku riƙe ƙwayar a aljihu ku sha bayan an ɗibi jinin, ku kuma yi ƙoƙarin komawa ɗakin awo ɗaya kowane lokaci. Masu zuwa daga Tasawa, Dakwaro ko Mayayi su haɗa tafiyar da ranar ganin likita, su taho da ledar magungunan nan gaba ɗaya, da tsofaffin takardun awo a jere.

In TSH ya fito sama, kafin a yi maganar ƙara awon magani ku faɗi gaskiyar yadda kuke sha: kwana nawa aka tsallake, da me ake korawa, me aka fara sabo. Likita ba zai iya gani a takarda cewa da shayi mai madara ake haɗiye ta ba.

Mantuwar kwana ɗaya ba abin tashin hankali ba ce. In an tuna a ranar a sha, ko da tsakar rana ne, a nisanta ta da abinci gwargwadon iko. In sai washegari aka tuna a ci gaba kamar kullum, kada a ninka sai in likita ya ce a yi.

Azumi, zafi, da canjin kwali

Da azumi lokacin asuba ya zama na sahur, sai a sake lissafi. Hanyoyi uku ne. A tashi da wuri a sha ƙwayar, a yi nafila ko a ɗora girki, a yi sahur bayan minti 30 zuwa awa ɗaya. Ko a sha ta lokacin kwanciya in awa uku sun wuce bayan cin ƙarshe, abin da ke da wuya ga mai ciye-ciye bayan asham. Ko a buɗe baki da ita da ruwa zalla, a yi sallar magariba, a jira rabin awa kafin kunu da ƙosai, wanda ba kowa ke iya jurewa ba a azumin bazara. Ta farko ta fi sauƙin riƙewa. In an zaɓe ta, ƙarin jini da kalsiyam sai su koma bayan buɗa baki, ɗaya da magariba ɗaya kafin barci, muddin akwai awa huɗu kafin a tashi sahur.

Zafi kuma abokin gaba ne da ba a gani. Kwalayen na cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, nesa da haske da laima, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Ɗakin kwano da rana tsaka, aljihun gaban mota, akwatin babur, saman firji ta inda yake fitar da zafi, tagar da rana ke bugawa: duk suna rage wa ƙwayar ƙarfi ba tare da kamanninta ya canza ba. A bar ta cikin takardar azurfarta da kwalinta, kada a ɓare ta a zuba a wani gwangwani. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa a ɗakin ƙasa, ko kusa da randa inda ruwa ba ya taɓawa. Kada a sayi na wata shida a jibge da bazara don gudun yankewa, na wata biyu ko uku ya fi. Wanda ya yini a tire a kan mai talla yana zagaya kasuwa cikin rana kuwa, ko na gaske ne ba na jabu ba, ba a san abin da ya rage a cikinsa ba.

Saura canjin kamfani. Mu da ke bakin iyaka, yau a saya a farmasin gari, gobe ɗan'uwa ya taho da wani ta Jibiya da Ɗan Isa, lambar da ke kwalin ɗaya amma kamfanin daban. Sinadarin ɗaya ne, sai dai abubuwan da ake haɗa ƙwayar da su sun bambanta, kuma a maganin da ake aunawa da mikrogram ɗan bambanci na iya bayyana a jini. A Faransa a 2017 kamfanin Levothyrox ya sauya waɗannan abubuwan haɗi kawai, dubban masu sha suka kai ƙorafin sun ji canji a jikinsu. In da hali ku zauna a kan kamfani ɗaya. In ya yanke a gari, ku karɓi wanda ke akwai mai lamba ɗaya, domin zama babu magani ya fi canjin illa, ku rubuta ranar da kuka canza a bayan kwalin, ku auna bayan mako shida zuwa takwas. Amma in kafin nan zuciya ta fara bugawa da sauri ko tana tsallake, hannu na rawa, zufa ta yi yawa ba ta zafin gari ba, ko ƙirji na ciwo, kada a jira ranar awo, a tafi asibiti a ranar da kwalin a hannu.